Ranar da Yara Za Su Zo Lambu

Ɗana, ka tambaye ni abin da za ka yi da yaran da malamar firamare ta nemi izinin kawowa lambunmu na Sawagi, a nan Kassala ta ƙasar Sudan, mako mai zuwa, tun da ba ka taɓa koyar da kowa ba. Kada ka tsaya a gabansu kana jero sunayen kayan lambu, domin duk yaron da ke zaune a Kassala ya san albasa da ayaba da mangwaro tun daga kasuwa. Abin da bai sani ba shi ne yadda cikinsu yake da yadda suke tsirowa, wannan kuwa sai ya taɓa da hannunsa.

Ka fara da kuɓewa. Ka yanka ta a gicciye, ka miƙa wa kowane yaro guntu, ka ce ya ƙirga ɗakunan da 'ya'yan suke kwance a ciki, galibi zai sami biyar. Tun da dare ka jiƙa zoɓo ya yi kauri, domin su tsoma guntun su danna a takarda, siffa kamar ta fure ta fito. Ragowar ruwan zoɓon ka raba shi kofi biyu, ka matsa lemun tsami a ɗaya, ka narka 'yar kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara yin ja, na biyu kuwa zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Kada ka yi gaggawar faɗa musu dalili, ka bari su yi ta gardama tsakaninsu, sannan ka bayyana musu cewa tsami da kanwa ne suke sauya launin.

Ayaba ita ce na fi so ka daɗe a kanta. Ka ɓare ɗaya ka ce su nemo maka irinta. Za su nuna maka ɗigo-ɗigon baƙi da ke tsakiya, alhali waɗannan ba sa tsirowa. Daga nan ka kai su gindin ayabar, ka ɗan tone ƙasa, su ga 'ya'yan da ke fitowa daga jikin uwa, waɗanda muke cirewa mu dasa, tun da uwar sau ɗaya take haihuwa a sare ta. Manya da yawa ma ba su san haka ba.

Kafin su tafi, kowa ya huda gindin gwangwani, ya cika shi da laka irin wadda kogin Gash ke saukowa da ita daga duwatsun Eritriya da damina, ya binne ƙwayar wake biyu. Idan ana ba shi ruwa, ba ya cika mako bai tsiro ba. A cikin yaran akwai waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro daga Khartum, iyayensu ba su da ko taƙi ɗaya na ƙasa, amma gwangwani ba ya rasa wurin ajiya.

Wuƙa kuwa a hannunka kaɗai za ta zauna. Ka rufe bakin rijiya, ka nisanta su daga barkono da ƙaron ɗanyen mangwaro mai sa ƙaiƙayi, kuma fegin tumatirin da muka yi wa feshi shekaranjiya kada kowa ya taka shi. Ka tanadi ruwa da sabulu, su wanke hannu kafin su kai wani abu baki.