Za a rarake min manifol da gidan totur: ƙarin ƙarfi ne ko hanyar kashe inji?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Injiniya. Motata mai turbo ce, silinda huɗu, lita 2.0, nozul ɗinta a bakin bawul suke fesa mai. Na riga na canja salansa da intakula (mai sanyaya iskar turbo), matsin turbo yana kai bar 1.3. Wani mai gyara ya ce in kawo masa manifol ɗin iska (tulun da ke raba wa silinda iska) da gidan totur (ƙofar da iska ke bi ta shiga manifol) ya rarake su da giranda, ya goge cikinsu har su yi ƙyalli kamar madubi. Wai zan ji ƙarin ƙarfi sosai, kuma ba sai an taɓa kwamfutar injin ba, tunda turbo ke tura iskar. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne an yi wa wani abokina irin wannan aikin, bai kai wata biyu ba fistin ɗaya ya narke. Mai gyaran ya ce gurɓataccen mai ya sha. Shin aikin ne ya jawo? In kai nawa ko in haƙura?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka kai tukuna.

Maganar mai gyaran a kan injin abokinka ba ta shige ni ba. Silinda huɗun nan tanki ɗaya suke sha. In man ne kaɗai, me ya sa ɗaya ta mutu sauran uku suna nan garau? Gurɓataccen mai yana iya tona asirin silindar da ta riga ta yi rauni, amma wani abu ne ya raunana ta tun farko.

Wannan batu na "turbo ke turawa, don haka a buɗe rami kawai" na gaji da jin sa. Kusan kullum sai an zo min da shi, kuma yana cin injuna. Turbo yana tara matsi ne a cikin tulun manifol, ba shi ke raba iskar ba. Rabon yana hannun siffar tulun da ta bututu huɗun da ke gangarawa zuwa bawul: tsawonsu, faɗinsu, lanƙwasarsu. Mutum ya ɗauki giranda da hannu, ba ma'auni, ya ci bututu na farko da kyau saboda yana kusa da baki, na uku kuma hannunsa bai kai lungun ba ya bar shi. Yanzu wata silinda tana samun iska fiye da 'yan uwanta. Nozul kuwa ba su san an yi haka ba, yawan mai iri ɗaya kwamfuta ta umarce su su fesa wa kowa.

Silindar da iskarta ta ƙaru man ta ya yi kaɗan ke nan. Fetur yana ƙonewa daidai wa daida a kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na mai, amma in an taka totur har ƙasa kuma turbo ya cika, ana barin sa wajen 11.5 zuwa 12, don rarar man ta sanyaya ɗakin ƙuna. Silinda ɗaya ta zame zuwa 13 a wannan hali, zafi ya hau, man ya soma fashewa da kansa maimakon ya ƙone a tsanake, gefen fistin tsakanin ringi ya tsage ko samansa ya narke.

Za ka ce ai akwai sensar salansa, mai auna haɗin iska da mai daga hayaƙi. Akwai, amma wadda ke wannan aikin guda ɗaya ce, kuma tana zaune ne bayan hayaƙin silinda huɗun ya riga ya gauraye. Matsakaici take karantawa. Uku suna da isasshen mai, ɗaya tana yunwa, allo ya nuna maka 11.8, kai kana murna. Wannan ne ya sa masu yin aikin da gaske suke ɗora manifol a kan bencin auna iska, su gwada kowane bututu shi kaɗai, galibi a matsin inci 28 na ruwa, su yi ta daidaitawa har bambancin ya zama ɗan kaɗan. Tambayi mai gyaranka lambobin kowane bututu kafin aiki da bayan aiki. In ya ce idonsa ne ma'auni, ɗauki kayanka ka tafi. Ido bai taɓa ganin iska ba.

Shi kuma ƙyallin madubi, don hoto ake yin sa. A irin injinka mai yana fesuwa a ƙarshen bututun, kuma bango mai santsi sosai yana sa ɗigon man ya kwanta ya riƙa gangara maimakon ya bi iska. Gugar samfefa mai lamba 80 ko kusa da haka ta wadatar. Faɗi ma ba kyauta yake zuwa ba: bututu in ya yi faɗi, gudun iska a cikinsa ya ragu, motar ta yi nauyi a ƙaramin juyi kafin turbo ya tashi. A titi kuwa nan ne kake yin yawancin tuƙinka.

Ban ma taɓo kaurin bango ba. Matsin bar 1.5 a kan bangon da faɗinsa ya kai murabba'in santimita 200 daidai yake da nauyin kusan kilo 300, yana zuwa yana tafiya duk lokacin da ka taka ka saki. Manifol ɗin motoci da yawa na yanzu roba ne mai haɗin zaren gilas, ba alminiyam ba. A kankare shi, wata rana ya buɗe a ɗinki.

Gidan totur kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Daga milimita 60 zuwa 70 ƙofar ta ƙaru da kashi 36 cikin ɗari, shi ya sa abin yake burge mutane. Tambayar ita ce ko ƙofar ce ta tare hanya tun farko. Sa ma'aunin matsi ɗaya kafin totur, ɗaya bayansa, a taka har ƙasa a babban juyi. In allurai biyun kusan wuri ɗaya suka tsaya, totur ɗinka ba shi da laifi, kuma a bar 1.3 kan lita 2.0 da turbon kamfani, abin da na fi zato ke nan. Abin da za ka samu in an faɗaɗa shi sai mota mai zabura da ɗan taɓi, ka ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. In kuma giranda ta taɓa wurin da faifan ƙofar totur ke rufewa, iska ta riƙa sulalewa, silo ya lalace, ba kuma a mayar da ƙarfen da aka ci. In totur ɗin na lantarki ne ma sai an sake koya wa kwamfuta matsayinsa. Sukurori biyun da ke riƙe faifan, kamfani ya daddale bakinsu don kada su kwance. Wanda ya cire su ya mayar ba tare da ya sake kulle su ba, ranar da ɗaya ya faɗa ciki zai bi ta bawul, ya daki fistin, ragowar ta ƙarasa fukafukan turbo. Haka ɓarɓashin alminiyam ɗin da ba a wanke ba.

Ba ina cewa aikin ba shi da amfani ba. Cire tudun da zubin ƙarfe ya bari, da daidaita bakin manifol da na tof silinda don kada iska ta ci karo da gefe, aiki ne mai kyau, kuma ƙarfe kaɗan ake ci. Masu Subaru WRX suna cire ƙananan faifan da ke juya iska a ƙasan manifol, masu injin EA888 na Volkswagen ma wasu suna cire nasu, amma duk wanda ya san abin da yake yi yana sake tsara kwamfuta a bayansa, kuma sai an sa babban turbo ribar take fitowa sosai.

Kai a matakin da kake, abin da ya fi damuna ma shi ne ka canja salansa da intakula ba ka ce an duba kwamfuta ba. Fara da nan. A hau daino, wato na'urar auna ƙarfin mota, a ɗauki bayanan yawan mai da na sensar ƙwanƙwasa mai jin ƙarar fashewar mai da kansa, in kwamfutarka tana nuna jinkirin wutar fulogi na kowace silinda a duba shi. Bayan an taka da ƙarfi a ciro fulogi huɗun a jera su yadda suke a inji, a ga ko akwai wanda ya fi sauran fari. Abokinka kuma, in manifol ɗinsa yana nan, ya kai a auna bututun kafin ya ɗora shi a kan sabon injin.