Amsa: Yadda za ku raba karatun tarihin Indiya ku huɗu

Malama, kin ce ku huɗu ne, saura sati shida gasar kacici-kacici, kina neman yadda za ku raba karatun tarihin Indiya da al'adunta. Ku raba da zamani, kada ku bi yawan shafi. Ɗaya ta ɗauki daga tsohuwar wayewar Harappa zuwa daular Gupta, ta biyu sarakunan Delhi da Mughal, ta uku mulkin Turawan Ingila tun yaƙin Plassey na 1757 har 1947. Ta huɗu ta riƙe addinai, bukukuwa da harsuna. Kowacce ta leƙa rabon wata, don zazzaɓi ba ya sallama.

Abubuwa masu kama da juna ne ke cinye maki. Chandragupta da ya kafa daular Maurya daban yake da na Gupta, tsakaninsu ya haura shekara 600. Yaƙin Panipat uku ne: 1526 na Babur da ya kafa daular Mughal, 1556 zamanin jikansa Akbar, sai 1761 tsakanin Ahmad Shah Durrani sarkin Afganistan da daular Maratha. Indira Gandhi 'yar Nehru ce, firaministan Indiya na farko, ba ta haɗa jini da Mahatma Gandhi ba. Ranar 15 ga Agusta 1947 aka samu 'yanci, kundin tsarin mulki kuwa sai 26 ga Janairu 1950 ya fara aiki. Mohenjo-daro ma, kufai ta zamanin Harappa, yau a Pakistan take, ana yawan dana tarko da ita.

Ku yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ku riƙa yi wa juna ashirin kullum. Satin ƙarshe kada a buɗe sabon babi, sai gwaji da agogo. Ku tsai da mai furta amsa guda ɗaya, don baki biyu a lokaci guda na rikita alƙali.