Sun ce takardar ta ƙi buɗuwa, kai kuma ka zauna jira

Tambaya: Ina sayar da kayan ofis a sari. Sau biyu ina tura wa wani kamfani takardar farashi ta imel, suna cewa wani abu wai shi winmail.dat ne yake isa gare su, kuma ya ƙi buɗuwa. Ɗan ƙanena da ke kula min da kwamfuta ya ce na'urarsu ce ta tsufa. Yau mako uku shiru. Ko in sayi sabuwar kwamfuta? Kwangilar nan kaɗai ta isa ta sauya min rayuwa.

Amsa: Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu. Kwamfutarka lafiyarta lau, tasu ma haka. Kuskurenka shi ne mai saye ya ce maka bai ga kaya ba, ka ɗauki maganar yaron gida ka ɗora wa mai sayen laifi, sannan ka naɗe hannu mako uku. Ko da a ce na'urarsu ce ta tsufa, wa ke neman cinikin, kai ko su?

Kuma matsalar ma daga wajenka take. Outlook, manhajar imel ta Microsoft, yana da sigar rubutu uku: HTML, Plain Text da Rich Text. Idan aka aika saƙo da Rich Text, yakan tattara adon rubutun da takardun da ka liƙa ya ƙunshe su cikin wani tsari na Microsoft mai suna TNEF. Mai amfani da Outlook ba zai ma san an yi ba. Wanda ya buɗe da wata manhajar, ko a wayar iPhone, sau da yawa ƙunshin kawai zai gani, wato winmail.dat ɗin nan.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Ka shiga File, Options, Mail, ka mayar da sigar rubutu HTML. Sai ka goge adireshin kamfanin daga jerin da Outlook ke cika maka da kansa, ka sake buga shi da hannu, domin wani lokaci tsohon saitin yana maƙale da adireshin. Nan ne mutane da yawa suke cewa sun gyara amma ya ƙi gyaruwa. Takardar kuma ka mayar da ita PDF, ka fara aika wa kanka a wani adireshin, ka buɗe a waya.

Kada ka ce musu su nemi shafin intanet da zai warware musu ƙunshin. Takarda ce mai ɗauke da farashinka da lambar asusunka, ba ka san hannun da za ta faɗa ba.

Na san wani ɗan kasuwa da farashinsa ya fi na kowa sauƙi, amma ya rasa aiki ta wannan hanyar. Ma'aikaciyar da ke tattara takardu ta ga nasa ya ƙi buɗuwa, ga wasu huɗu a gabanta sun buɗu, sai ta wuce da su. Ba ta kira shi ba, ba kuma aikinta ba ne. Sai bayan wata biyu ya ji labari.

Zancen sauya rayuwa kuwa, a ajiye shi tukuna. Ana lissafin ribar kwangilar da ko farashinta ba a karanta ba? Gobe da safe ka kira mai sayen da bakinka, ba ɗan ƙanenka ba. Ka ba shi haƙuri, ka tambaya ko ba a rufe karɓa ba, ka sake aikawa yana kan layi, kada ka ajiye waya sai ya karanto maka jimillar da ke ƙasan takardar.