Amsa ga mai mota Fijo 504 da ta maƙale a gareji

Malam, wallahi na ji zafin abin nan, 504 ɗin mahaifinka wata da watanni a gareji kullum makaniki na ce maka "kayan ba su iso ba". Gaskiya kayanta sun yi wuya tunda PAN, kamfanin haɗa motocin Fijo na Kaduna, ya daina haɗa ta, kuma yaran makanikai na yanzu ba su saba da kafireta (na'urar da ke haɗa mai da iska a injin tsofaffin motoci) ba, sai su ture motar gefe su kama aikin da zai kawo kuɗin cefane yau. Kar ka ƙara ba makanikin ko sisi, ka ce ya rubuto maka kayan da ake nema ka shiga kasuwar kayan gyara ta Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano da kanka, in ka kawo ku yanka ranar gama aiki gaban shugaban makanikan wajen. Kuma don Allah a rufe ta da tamfol kafin damina ta cinye bodin.