Faiba ko Kebul: Wanne Zan Ja Gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun tare a sabon gida a Houston ta Amurka. Kamfanoni biyu ne suka iso unguwarmu, Xfinity mai kebul da AT&T mai faiba, kuma kuɗinsu kusan ɗaya. Ina aiki daga gida, kullum kuma sai na kira mahaifiyata a Kano ta bidiyo. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Tunda faiba ta iso ƙofarki, ita za ki ɗauka.

Kebul waya ce ta tagulla da aka shimfiɗa tun asali don talabijin, daga baya aka ɗora mata intanet. Faiba kuwa zare ne na gilashi, siriri kamar gashi, haske ke bi ta cikinsa da saƙo. A wajen sauke abu, kamar kallon YouTube ko Netflix, da wuya ki ga bambanci. Wajen ɗorawa ne gizo ke saƙa. Kebul kan ba ki megabit 500 (ma'aunin saurin intanet a kowace daƙiƙa) na saukewa amma na ɗorawa bai wuce 20 ko 35 ba a wurare da yawa, alhali faiba yawanci tana ba da su daidai wa daida. Hotonki da muryarki da Mama ke gani a Kano ɗorawa ne, haka ma taron ofis da tura manyan fayiloli. Ga shi kuma layin kebul rabawa kuke da maƙwabta, shi ya sa a wasu unguwanni yake nauyi bayan magariba, lokacin da kowa ya dawo gida.

Kada kamfanonin su ruɗe ki da tsarin gigabit, wato megabit 1,000. Kiran bidiyo mai kyau bai cin fiye da megabit 4, don haka tsarin 300 ya ishe ki har da yara.

Tun Afrilun 2024 hukumar FCC mai kula da harkar sadarwa a Amurka ta wajabta wa manyan kamfanoni nuna takardar bayanin farashi. Ki nemi ganinta, ki duba nawa kuɗin zai koma idan rangwamen farko ya ƙare, da ko akwai kuɗin hayar rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi a cikin gida. In gidan haya ne, ki nemi izinin mai gida kafin ma'aikacin ya zo, domin sau da yawa sai an huda bango kafin zaren ya shiga. Ki kuma roƙe shi ya kafa rautar a tsakiyar gida, kusa da ɗakin da kike aiki, kada ya jefa ta gareji.