Rubuta tarihin Mama a littafin jana'iza

'Yar'uwa, sannu da rashi, Allah ya ba ku haƙuri. Kin tambayi yadda za ku rubuta hidimar Mama a coci da unguwa. A Kumasi, ranar taron da ake yi sati ɗaya bayan rasuwa ake sanar da ranar jana'iza, to tun daga nan ku fara tattarawa. Ku nemi sakatariyar zumuntar mata ta cocinta, don rajistarsu na da shekarar shigarta da muƙamanta, dangi kuwa kan rikita shekaru. "Mai kirki ce" kaɗai ba ya isa. In tana kai wa marasa lafiya abinci a asibitin Komfo Anokye, ku faɗa ƙarara. Shafi ɗaya ya isa, tunda karantawa za a yi a coci. Hoto kuma na asali za ku kai wa mai buga littafin, na WhatsApp yakan fito dishi-dishi a takarda.