Kun Tambaya, Mun Amsa: Kallon Kiɗa Ido da Ido a Njamena

Wata ƙanwarmu daga Kusuri ta ƙasar Kamaru ta rubuto: "Ni da ƙawayena muna son ganin mawaƙa ido da ido, ba a waya ba, amma mu ba ma shiga mashaya. Ina za mu nufa a Njamena?"

Ƙanwata, ba sai kun taka mashaya ba. Ku fara da cibiyoyin al'adu: Cibiyar Faransa da ake kira IFT, Gidan Al'adu na Baba Mustafa, da dandalin Talino Manu da ke unguwar Mursal. A irin waɗannan wurare ake ganin matasan da rediyo ba ta san da su ba tukuna: masu gambarar zamani, masu rawa, masu wasan kwaikwayo, da masu silam, wato waƙar baka da ake rattabawa ba kiɗa ko da ɗan kiɗa kaɗan, da Faransanci ko Larabcin Chadi. A ganinmu daren silam ya fi dacewa da mai zuwa karon farko, domin a zaune ake saurare, kuma magana ce ke da daraja, ba ƙara ba. Ku kuma riƙe 21 ga Yuni, ranar bikin kiɗa da aka faro a Faransa a 1982, wadda galibi ake wasanni kyauta, sai dai damina ce, ku duba hadari kafin ku fito.

Cibiyoyin nan na sa jadawalinsu a Facebook da allon bakin ƙofa, kuma sun fi masu shirya wasa a unguwa cika alkawarin lokaci. Babbar matsalarku ita ce gadar Ngeli, gadar kan iyaka da ke haɗa Kusuri da Njamena. Wasa na tashi ne da dare, don haka ku shirya kwana wurin 'yan'uwa a birni tun kafin ku baro gida. Ku riƙe katin shaida, ku tanadi canji, ku yi ciniki da ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da kuka sani ya jira ku a ƙofa.

Wani ɗan'uwa daga unguwar Ambasatna ya ce: "Duk lokacin da na dawo daga wasa kunnena yana ta ƙugi har gari ya waye. Lafiya kuwa?"

Ɗan'uwa, kunnen ne ke gaya maka an yi masa yawa. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu siririn gashi da ke karɓar sauti, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ka lissafa: a desibel 100, abin da ya rage minti 15 ne kacal, ga shi gaban lasifika yakan wuce haka. Gwaji mai sauƙi: in sai ka yi ihu kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, to wurin ya yi ƙarfi. Ka koma tsakiyar fili, kusa da teburin mai haɗa sauti, domin daga nan yake daidaita komai, nan ne kiɗan ya fi daɗi. Ka nemi abin toshe kunne na soso a kantin magani. Auduga ba ta tare wani abin kirki. In ƙugin ya wuce kwana biyu, je ka ga likitan kunne.

Tambaya ta uku daga wasu samari ce masu son shirya ɗan wasa a farfajiyar gida: "Mun yi sau ɗaya, lasifika ta yi ta kuka, sannan wuta ta ɗauke a tsakiyar waƙa. Me muka yi ba daidai ba?"

Samari, sannunku da ƙoƙari, irin wannan wasa shi ke raya fasaha a gari. Kukan lasifika zagaye ne: makirufo ya ɗauki sautin da ke fita daga lasifika, ya mayar da shi cikinta, ya sake fitowa da ƙarfi. Maganinsa a jeri yake. Ku ajiye lasifikokin a gaban mawaƙa suna fuskantar jama'a, kada makirufo ya taɓa shiga gabansu. Mawaƙi ya kawo baki kusa, kamar faɗin yatsu biyu, kuma ya daina dunƙule kan makirufo da tafin hannu irin na masu gambara, domin hakan na toshe ramukan bayansa sai ya riƙa kwasar sauti ta ko'ina. Duk makirufon da ba a amfani da shi a kashe. In kukan siriri ne, ku rage maɓallin sauti na sama kaɗan kafin ku taɓa ƙarfin gaba ɗaya.

Ita kuwa wuta, ku zauna da biro. Lasifika biyu masu wat 500 kowacce, ƙaramar da ke fuskantar mawaƙi wat 300, teburin sauti wajen 50, fitilu huɗu wajen 200: jimilla 1,550. Janareta, wanda a nan muke ce wa gurup, mai kVA 3 ba ya ba da fiye da wat 2,400 ko kusa da haka, kuma dukan ganga na fizgar wuta farat ɗaya, shi ya sa mai kVA 5 ya fi kwanciyar hankali. Kada ku haɗa firjin sanyaya karkanji, wato zoɓo, a layi ɗaya da kayan sauti. Da zarar injinsa ya tashi, wuta ta faɗi. Ku warware nannaɗaɗɗiyar waya gaba ɗaya don kada ta yi zafi. Gurup ya zauna a sarari, nesa da jama'a, saboda hayaƙinsa na kisa a rufaffen wuri, kuma ba a zuba masa mai yana aiki. Lasifika ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, na'ura kan kashe kanta in ta gasu, don haka ku sa ta a inuwa, ku kakkaɓe ƙurar fankarta. Kafin komai, ku gaida maƙwabta da mai unguwa, ku nemi izini a ofishin magajin garin yankinku, ku fara bayan Isha'i, ku kuma cika alkawarin lokacin tashi.

Na ƙarshe, wani malami daga Garwa ya tambaya: "Me ya sa in aka haɗa goge da jita, gogen ke ɓacewa?"

Malam, goge ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki, muryarta ba za ta ja da kayan lantarki ba. A gwajin sauti a fara da ita, makirufo kamar taƙi ɗaya daga fatar, sannan a ɗora sauran kaya a ƙarƙashinta. Fata na saki da laimar damina, ta ɗaure da hunturu, don haka mai jita ne zai bi muryar goge, ba mai goge zai bi shi ba. A goga ƙaro a izgar kafin hawa dandali. Shi kalangu da kansa yake kai kansa, a ja makirufonsa baya taƙi biyu.